Dokar Taƙaita Maiƙon Tiransi a Abinci: Tasirinta ga Lafiya da Tattalin Arzikin Al'ummar Dutsin-Ma da Kurfi

Tsakure

A shekarar 2023 Nijeriya ta shiga sahun ƙasashen da suka ƙayyade adadin maiƙon tiransi da aka yarda a samu a cikin abinci. Wannan maƙala ta yi bayanin abin da ake nufi da wannan maiƙo, da yadda ya samo asali, da illarsa ga zuciya, sannan ta dubi abin da irin wannan doka ta haifar a ƙasashen da suka riga Nijeriya kafa ta. Daga nan aka auna dokar da yanayin ci da sana'ar abinci a ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi na jihar Katsina. Maƙalar ta nuna cewa ribar dokar ga lafiya ta rinjayi kuɗin aiwatar da ita, amma isar wannan riba ga mai sayen mai a kwalba ta dogara ne a kan sa ido tun daga masana'anta, da kuma samar da kalmomin Hausa da za su bambance nau'o'in mai.

Fitilun kalmomi: maiƙon tiransi, man gyaɗa, ciwon zuciya, dokar abinci, Dutsin-Ma, Kurfi

1.0 Gabatarwa

Maiƙo yana da daraja a al'adar cin Bahaushe. Miyar da ta ji mai ita ce miyar karrama baƙo, kuma kayan gara irin su alkaki da dublan da cincin ba sa haɗuwa sai da mai wadatacce. Shekaru aru-aru man da ke cikin wannan abinci sananne ne ga mai cin sa: man shanu daga matan Fulani, man gyaɗa daga masu ƙuli-ƙuli, man kaɗe, sai manja da fatake ke kawowa daga kudu. A yau kuwa wani kaso mai yawa na maiƙon da ke shiga cikin mutanen karkara da birni daga masana'anta yake fitowa, ko dai a cikin jarka, ko kuma a ɓoye cikin burodi da biskit da bota.

Daga cikin maiƙon masana'anta akwai wani nau'i da masana lafiya suka haɗu a kan cewa ba shi da wani amfani ga jiki, illa cutarwa. Shi ne maiƙon tiransi. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace dalilin da ya sa gwamnatoci suka zaɓi hanyar doka wajen yaƙar sa, da abin da hakan ke nufi ga garuruwa irin Dutsin-Ma da Kurfi, inda mafi yawan cinikin mai da soye-soye ke gudana ba tare da wani rubutu a jikin mazubi ba.

2.0 Ma'anar Maiƙon Tiransi da Asalinsa

Man da ake tatsa daga gyaɗa ko waken suya ko angurya ruwa-ruwa yake, kuma yakan yi ɗoyi idan ya daɗe a ajiye. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Paul Sabatier, ya gano yadda ake cusa iskar haidurojin cikin wasu sinadarai ta hanyar amfani da ƙarfen nikel. A 1902 Wilhelm Normann na ƙasar Jamus ya yi rajistar dabarar yin hakan ga man girki. Idan aka cusa wa mai wannan iska, sai ya daskare kamar kitse, ya daɗe bai lalace ba, ya kuma jure zafin suya. A 1911 aka fara sayar da irin wannan daskararren mai a Amurka da sunan Crisco.

Matsalar tana faruwa ne idan aka tsayar da aikin a tsakiya domin a sami mai laushi wanda zai shafu a burodi. A wannan hali wasu ƙwayoyin man sukan sauya siffa, daga lanƙwasassu su koma miƙaƙƙu. Waɗannan miƙaƙƙun ƙwayoyi su ne maiƙon tiransi, kuma a cikin man da aka daskarar ta wannan hanya sukan kai kashi 25 zuwa 45 cikin ɗari.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ake samun sa, amma da ƙaranci. Ta farko ita ce tumbin dabbobi masu tuƙa: ƙwayoyin halittar da ke cikinsa suna samar da ɗan kaɗan, shi ya sa ake samun 'yan kaso a man shanu da kitsen shanu da tumaki. Ta biyu ita ce zafi mai tsanani, ko a wajen tace mai a masana'anta ko a wajen maimaita suya da mai guda.

2.1 Alaƙar Dabarar da Gyaɗar Ƙasar Hausa

Wannan dabara ta Turai tana da alaƙa ta kai tsaye da tarihin ƙasar Hausa. Daskarar da mai ya ba masu yin botar tsiro a Turai damar amfani da man tsirrai a maimakon kitsen dabba, sai buƙatar gyaɗa ta ƙaru matuƙa. Hakan ya zo daidai da isowar hanyar jirgin ƙasa Kano a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya haɓaka fiye da yadda Turawan mulkin mallaka suka zata, domin su auduga suka sa wa rai. Jan Hogendorn ya yi bayanin wannan al'amari a littafinsa na 1978 a kan tarihin fitar da gyaɗar Nijeriya. A wannan ciniki ne attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shahara, aka kuma gina dalar gyaɗa. Manoman lardin Katsina na cikin waɗanda suka cika buhunan. Bayan farin farkon shekarun 1970 da annobar cutar gyaɗa ta 1975, fitar da gyaɗa ya durƙushe. Ƙasar da ta ciyar da masana'antun bota na Turai ta koma mai sayen man da aka sarrafa a wani wuri.

3.0 Illar Maiƙon Tiransi ga Lafiya

A cikin jini akwai kolestirol iri biyu da likitoci ke aunawa: mai illa, wanda ke taruwa a bangon jijiya, da mai amfani, wanda ke kwashe rarar zuwa hanta. Kitsen dabba da manja suna ƙara mai illar. Maiƙon tiransi kuwa ɓarna biyu yake yi, domin yana ƙara mai illar, yana kuma rage mai amfanin. Masana biyu daga ƙasar Holan, Mensink da Katan, su suka tabbatar da haka a gwajin da suka wallafa a 1990. A 1993 Walter Willett da abokan aikinsa suka nuna alaƙarsa da ciwon zuciya a tsakanin dubban ma'aikatan jinya mata a Amurka. Wani bita da Mozaffarian ya jagoranta a 2006 ya nuna cewa idan kashi 2 cikin ɗari na kuzarin da mutum ke samu daga abinci ya koma na maiƙon tiransi, haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya yana ƙaruwa da kimanin kashi 23 cikin ɗari.

Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada wannan maiƙo ya kai kashi 1 cikin ɗari na kuzarin abincin yini, wato kimanin giram 2.2 ga baligi, abin da bai wuce rabin ƙaramin cokali ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa yana jawo mutuwar mutum kusan 278,000 a duniya kowace shekara.

Ana iya cewa wannan cuta ce ta Turawa da masu hali. Gaskiya ne cewa rubuce-rubucen likitocin Zariya na shekarun 1970 sun fi mayar da hankali ga ciwon zuciya mai nasaba da hawan jini da na mata masu jego, domin toshewar jijiyar zuciya ba ta yawaita ba a lokacin. Amma cima ta sauya, zirga-zirga a ƙasa ta ragu, hawan jini da ciwon sukari sun bazu har ƙauyuka. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 sun nuna cewa cututtukan da ba a ɗaukar su daga wani su ne sanadin kashi 29 cikin ɗari na mace-mace a Nijeriya, kuma cututtukan zuciya da jijiyoyin jini kaɗai sun ɗauki kashi 11. Mai hawan jini da ke cin maiƙon tiransi kullum yana ɗora wa jijiyoyinsa kaya a kan kaya.

4.0 Dokokin Taƙaitawa a Duniya da Nijeriya

Ƙasar Danmak ce ta fara kafa doka a 2003, inda ta hana sayar da man da maiƙon tiransi na masana'anta ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100. Nazarin da Restrepo da Rieger suka wallafa a 2016 ya ƙiyasta cewa a shekaru uku na farko mace-macen cututtukan zuciya sun ragu da kimanin mutum 14 a cikin kowane 100,000 a shekara, fiye da yadda za a samu ba tare da dokar ba. Birnin New York ya hana amfani da shi a gidajen abinci daga 2007, kuma wani nazari na 2017 ya gano cewa yankunan jihar da suka bi wannan hanya sun sami ragin kusan kashi 6 cikin ɗari na masu kwanciya asibiti saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Amurka da Kanada sun haramta daskararren man baki ɗaya a 2018, Tarayyar Turai ta fara aiki da iyakar giram 2 a 2021, Indiya kuma a 2022. A Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu ce ta fara a 2011.

A watan Mayun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin REPLACE da nufin kawar da wannan maiƙo daga abincin duniya nan da 2023. Ba a cim ma burin ba, amma zuwa ƙarshen wa'adin ƙasashe 53 sun kafa dokoki masu inganci, waɗanda suka shafi kusan kashi 46 cikin ɗari na mutanen duniya, alhali a 2018 kashi 6 ne kacal.

A Nijeriya, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, ita ta tsara Dokar Kitse da Mai da Abincin da ke Ɗauke da Su ta 2022, wadda aka buga a jaridar gwamnati a 2023. Ta ɗauki iyakar giram 2 a cikin giram 100 na maiƙo, kuma wata doka 'yar'uwarta ta tilasta bayyana sinadaran abinci a jikin kwali ko leda. Ana iya fahimtar tasirin wannan iyaka da ɗan lissafi. Idan bota tana ɗauke da kashi 30 cikin ɗari na maiƙon tiransi, giram 7 ko 8 kawai, abin da mai shayi zai lakato da wuƙa sau ɗaya, ya kai mutum iyakar yini. Idan kuwa ta bi doka, sai ya ci giram 110 kafin ya kai wannan iyaka.

5.0 Hanyoyin Shigar Maiƙon Cikin Abincin Dutsin-Ma da Kurfi

Dutsin-Ma gari ne da ya haɗa manoma da 'yan kasuwa da ɗalibai. Kafa Jami'ar Tarayya a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ya ƙara yawan masu cin abinci a waje, ya kuma bunƙasa gidajen burodi da teburan masu shayi da shagunan kayan maƙulashe. Kurfi, wadda ke kan hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma, ta fi karkata ga noma, amma kayan shago iri ɗaya ne ke isa garuruwan biyu daga dillalan Katsina da Kano. Ana iya kasa maiƙon da ake ci a yankin gida huɗu.

Na farko shi ne na cikin kayan masana'anta: biskit, da kek, da botar shafawa, da daskararren man da masu gidan burodi da masu cincin da fanke ke saya a kwali ko bokiti. A nan ne haɗarin ya fi yawa, a nan ne kuma doka ta fi iya aiki, domin masu sarrafawa da masu shigowa da kayan ƙididdigaggu ne.

Na biyu shi ne man jarka da ake ɗurawa a kwalba ko a ƙulla a leda. Tataccen mai na ruwa, in dai ba a daskarar da shi ba, ɗan kaɗan yake ɗauke da shi. Damuwar ita ce da zarar an juye shi daga mazubinsa na asali, sunan kamfani da lambar rajista sun ɓace, mai saye kuma ba shi da hanyar sanin abin da aka gauraya.

Na uku shi ne man suya da ake maimaitawa. Mai ƙosai ko awara ko dankali ba ta zubar da man jiya, ƙari take yi a kansa, domin a cikinsa jarinta yake. Maiƙon tiransi da ke samuwa ta wannan hanya bai kai na masana'anta ba ko kusa, amma man da ya yi baƙi yana kumfa yana ɗauke da wasu gurɓatattun sinadarai masu cutarwa. Wannan fanni wayar da kai yake buƙata fiye da kame.

Na huɗu shi ne maiƙon gargajiya. Man ƙuli, wanda mata ke matsewa daga tunkuza, ba ya bi ta hanyar daskararwa, kuma mafi yawan maiƙonsa mai sauƙi ne ga zuciya. Man shanu yana da ɗan maiƙon tiransi na halitta, wanda ba shi ne abin da irin waɗannan dokoki suka sa gaba ba, sai dai yana da nauyin kitse, don haka a ci shi da ƙima.

6.0 Tasirin Dokar ga Tattalin Arziki

Wani nazari da Marklund da Ojji da abokan aikinsu suka wallafa a 2024 ya yi hasashen abin da kawar da maiƙon tiransi na masana'anta zai haifar a Nijeriya. A shekaru goma na farko za a iya kauce wa mutuwar kimanin mutum 10,000, a kuma tsimi kusan dalar Amurka miliyan 90 na kuɗin jinya, alhali kuɗin aiwatarwa ga gwamnati da masana'antu bai kai dala miliyan 20 ba. Wannan hasashe ne na lissafi, kuma ya ginu a kan sharaɗin cewa an aiwatar da dokar sosai.

Ma'anar waɗannan alƙaluma ta fi fitowa a matakin iyali. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fita. Idan magidanci a wani ƙauyen Kurfi ya sami bugun zuciya, babban asibitin garin zai fara karɓar sa, amma cikakken bincike sai an dangana da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano. Kuɗin mota da gwaji da maganin da za a sha har ƙarshen rayuwa yawanci daga sayar da dabba ko hatsi ko gona suke fitowa, ga kuma asarar hannun da ke noma. A nan karin maganar nan ta rigakafi ya fi magani ta zama batun dukiya.

Ga masu sana'a kuwa, tambayar ita ce ko farashi zai tashi. A Danmak ba a ga wani tashin farashi na a-zo-a-gani ba bayan dokar, domin akwai madadin da ke ba da irin laushin da ake so. Sai dai dokar Nijeriya ta zo a shekarar da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar naira, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A irin wannan hali mai gidan burodi man da ya fi araha zai nema, mai saye ma haka. Wannan shi ne hujja mafi ƙarfi ta fifita doka a kan nasiha: idan mai illar bai fito daga masana'anta ba, talaka ba ya buƙatar iya karatu ko ƙarin kuɗi kafin ya tsira.

Akwai kuma batun madadi. Mafi sauƙin abin da masana'antu ke komawa gare shi shi ne daskararren ɓangaren man kwakwar manja, wanda fiye da rabin maiƙonsa mai nauyi ne. Ya fi maiƙon tiransi dama, amma bai kai man gyaɗa da na waken suya da na riɗi ba. A nan manomin Katsina ta tsakiya yake da rabo. Gyaɗa da riɗi amfanin gonar yankin ne, ga madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma, ga kuma dubban mata masu sana'ar ƙuli-ƙuli. Kafin wannan rabo ya tabbata sai an magance matsalar tsaro da ta hana noma wasu gonaki a yankin, an kuma kula da busarwa da ajiyar gyaɗa domin kauce wa gubar fumfuna, wadda ke illa ga hanta.

7.0 Ƙalubalen Aiwatarwa da Matsayin Harshe

Nijeriya tana da darasi daga wata doka makamanciyar wannan. Tun farkon shekarun 2000 aka wajabta ƙara sinadarin bitamin A a man girki, amma man da ake aunawa a kwalba ya kasance mafi wuyar bibiya. Ga kuma iyakar Jibiya da sauran hanyoyin da kaya ke shigowa daga Jamhuriyar Nijar. Gano maiƙon tiransi ba ya yiwuwa da ido ko harshe, sai da na'urar ɗakin gwaji mai tsada. Don haka duba-gari na ƙaramar hukuma ba zai iya yanke hukunci a bakin kasko ba. Abin da zai iya shi ne tabbatar da cewa gidajen burodi suna amfani da mai mai rajista. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma kuwa tana da damar ɗibar samfura daga kasuwannin yankin lokaci-lokaci domin auna yadda dokar ke tafiya.

Ga masu nazarin Hausa, akwai wani ƙalubale na musamman. A bakin 'yan kasuwa, kalmar man gyaɗa ta faɗaɗa har ta haɗe duk wani farin mai na ruwa, ko na waken suya ne ko na kwakwar manja, shi ya sa aka koma kiran na ainihin man ƙuli. Haka kalmar bota ta haɗe wadda aka yi da madara da wadda aka yi da man tsiro. Kalmomin mai da maiƙo da kitse ma ba su raba abin da likita ke son rabawa ba. Sanarwar rediyo da za ta ce a guji kitse za ta sa mai sauraro ya zargi nama da man shanu, ya bar biskit. Wadda za ta ce a guji daskararren mai za ta iya jawo wa man shanu da man kaɗe da manja baƙin jini, domin duk suna daskarewa da sanyi, hakan kuma zai taɓa abincin matan da ke rayuwa da sayar da su. Ana buƙatar masana harshe da na abinci su zauna tare su tsayar da kalmomin da za su nuna cewa abin gudun shi ne man da masana'anta ta daskarar da sinadari.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi maiƙon tiransi daga ɗakunan gwajin Turai, ta hanyar dalar gyaɗar Kano, zuwa teburin mai shayi a Dutsin-Ma da Kurfi. An ga cewa illarsa ga zuciya tabbatacciya ce, kuma ƙasashen da suka taƙaita shi sun sami ragin mace-mace ba tare da abinci ya yi tsada ba. Dokar Nijeriya ta yi daidai da ma'aunin duniya a rubuce. Amfaninta ga yankin zai dogara ne a kan abubuwa uku: tsaurara bincike a masana'antu da kan iyaka, tallafa wa manoman gyaɗa da masu matsar mai domin madadi mai kyau ya wadata, da isar da saƙon cikin Hausar da ba za ta rikita mai sauraro ba.